Jidda Ta Fi Yamai Kusa

Ranar kasuwar Dungas ce, bayan azahar. Barakatu mai man gyaɗa tana tsugune gaban kwalabenta tana auna wa wata mata, sai ta ji an dafa mata kafaɗa. Ta waiga ta ga Hinda, wata 'yar garin da ta daɗe a Jidda tana aikatau. Ta rame, ta yi duhu, amma bakin nan nata yana nan yadda aka san shi.

"Inna Baraka! Kina nan dai kina ƙona idonki a murhu? Ina mutuniyata? Ta gama hutun gajiya, ko har yanzu tana kwance kamar amarya? Ki ce mata Hinda ta iso."

"Wace ce mutuniyar taki?"

"Kai, Inna! Nasiba mana. Ai rana ɗaya aka kama mu, ɗaki ɗaya aka zuba mu. Ita aka riga fitarwa, tun kafin azumi. Mu ne muka sha zama, sai bayan salla jirgi ya kwaso mu."

Barakatu ta bi ta da kallo. Ludayin yana hannunta, man yana zuba, kwalbar ta cika ta tumbatsa, ya bi yatsunta yana ɗiga cikin yashi. Mai sayen ce ta daka mata tsawa: "Ke baiwar Allah, ya isa! Ƙasa za ki shayar?"

Hinda ta dubi fuskarta, dariyar ta mutu mata a baki. "Inna, ba ta zo ba?"

"Ba mu ga kowa ba," in ji Barakatu. Ta ɗauki tsumma ta goge kwalbar, ta miƙa wa mai ita.

A nan tsoron ya kama ta. Daga Jidda zuwa Kano awa biyar ce a jirgi, wannan ta riƙe shi kamar yadda ta riƙe sunan garinsu. To wadda aka fitar tun kafin azumi, ga shi har an yi salla an watse, ina ta tsaya? Tambayoyi suka cika mata baki, amma ko ɗaya ba ta fito ba. Ga mutane a kewaye, ga matan garinsu Waca masu ƙuli-ƙuli suna kallo, ita kuwa Nasiba 'yar farinta ce.

Barakatu 'yar masu shanu ce daga wani ƙauye can bayan Dantchiao. Tana yarinya fari ya cinye garkensu, aka koma noma. Da ta isa aure aka kawo ta Waca gidan Sabo, manomin gero da gyaɗa, mutum mai ƙarancin magana. Uwar mijinta, Kulu, ita ta koya mata sana'ar mai: a soya gyaɗa, a murje, a bakace, a kai inji, a dawo a yi ta juyawa da ruwan zafi har man ya taso, sannan a murza tunkuzar a soya ƙuli-ƙuli. Da wannan ta tsufa. Hayaƙi ya jajanta mata ido, ya bar mata tari, bayan hannunta duk tabon mai ne.

A gidan da ta fito, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a tambayar ko ya ci abinci. Da aka yaye Nasiba, kakarta Kulu ta ɗauke ta ta kai ɗakinta, shi ke nan. Gida ɗaya suke, amma Barakatu ba ta taɓa kama sunanta ba. Sai dai ta ce "yarinyar nan", ko "waccan", da aka haifi ƙanne kuma ta koma "yayarku". Ita ma Nasiba ba ta ce mata Inna. Yaya take ce mata, yadda ta ji ƙannen uwar suna kiranta. Matan unguwa har yaba wa Barakatu suke yi, su ce a zamanin nan da kunya ta ƙare, ita kaɗai ta rage.

Shekarar da Sabo ya rasu damina ta yanke da wuri, ta bayanta ma haka. Gyaɗa ta yi tsada, man ya daina riƙe gida. Auren Nasiba ya mutu ta dawo, ga Munir, ƙaninta, yana jami'a a Damagaram yana karatun ƙasa da yanayi, kullum da abin da ake nema. Sai Nasiba ta ce za ta bi matan da ke tafiya Jidda. Akwai wani mutum a Kano da ke shirya takardu ya sa su jirgi. Ba ta iya tarar uwar da maganar ba, ta bakin Munir ta aika, lokacin da ya zo hutu.

Barakatu ta yi kamar ba ta ji ba. Sai wata safiya, tana bakace gyaɗa, Munir yana zaune a kan turmi yana latsa salula, ta ce ba tare da ta dube shi ba:

"Wannan garin da ake ta ruguguwar zuwa, ya kai Yamai nisa?"

Yamai ita ce iyakar duniyarta. Sau ɗaya ta je, jinyar wani ƙaninta. Sun bar Damagaram da asuba a cikin kar, babbar motar fasinja, ba su shiga gari ba sai bayan isha, ta sauka ƙafafunta sun kumbura kamar an hura.

Munir ya duba a salular. "Daga Kano, kilomita dubu uku da wani abu ne, Inna. Amma a jirgi bai wuce awa biyar ba."

"Awa biyar wace iri?"

"Kamar ki aza gyaɗa a wuta da hantsi, kafin ki kwashe ƙuli-ƙulin ƙarshe sun sauka."

Ta tsayar da faifan. "Kai dai ka iya ƙarya tun kana rarrafe."

"Wallahi ga shi a rubuce. Har hayaƙin da jirgin zai saki sun faɗa. Wai rabon kowane fasinja ya kai nauyin buhun gero uku ko huɗu."

"Hayaƙi? Hayaƙi yana da nauyi?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Da yana da nauyi, ai da tuni sai an sa igiya ake ɗaga ni daga gaban murhun nan. Wannan ne karatun da nake sayar da awakina a kansa?"

Munir ya fara yi mata bayanin yadda irin wannan hayaƙi ke taruwa a sama ya ƙara zafi, har ya rikita damina. Ba ta saurare shi ba. Abu ɗaya ta tsinta a maganar, ta ƙulle shi: Jidda ta fi Yamai kusa. Mutum ya tashi da hantsi, la'asar ta yi masa a gida. In wani abu ya faru, yini guda ma ya yi yawa. Da yamma ta ce wa Munir, "Ka ce wa yayarku Allah ya tsare hanya." Ranar tafiya ta cika leda da ƙuli-ƙuli da yajin da ta daka, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin Nasiba, ta shige madafa, ba ta fito ba sai da ƙarar motar Bawa direba ta ɓace.

Nasiba ta yi abin da ta je yi. Munir ya gama lisans ɗinsa, digirin farko, ya dawo Waca yana jiran aikin da bai zo ba. An gyara katangar da ruwa ya ci. Duk ranar Juma'a takan kira salular Munir, shi kuma ya buɗe murya ya zauna kusa da murhu. Barakatu ba ta taɓa karɓa ba. Sai dai wutar ta zama tana bukatar gyara, ko tukunya tana bukatar juyi, a daidai inda muryar ke kaiwa.

"Yaya tana kusa?"

"Ga ta nan, ta ce tana ji."

"Ƙarya kake, ba ta ce komai ba. Yaya, ko tari ki yi in ji."

Barakatu ta ɗaure fuska ta ci gaba da juyi. Amma da yake tarin ba ya rabuwa da ita, ba a jimawa sai ya zo, sai a ji Nasiba can tana dariya: "Alhamdu lillahi, na ji gaisuwar."

Kiran ƙarshe ya zo ne wata Juma'a da gidan ke cike da mata, an taru ana ɓarar gyaɗa. Muryar Nasiba ta yi ƙasa. Ta ce, "Munir, rufe muryar ka ba Yaya. Akwai maganar da zan faɗa mata, ita kaɗai." Munir ya miƙo salular. Matan suka ɗaga kai. Wata har ta fara murmushi, tana jiran ta ga ko yau Barakatu za ta karya.

"Ta faɗa maka," in ji Barakatu. "Kunnenka da nawa ɗaya ne."

Sannan Nasiba ta ce, "Bari kawai. Wani lokaci."

Daga ranar ba ta ƙara kira ba. Ba su tayar da hankali ba, domin an taɓa yin haka: matar gidan da take aiki ta ƙwace salular, aka daɗe kafin ta mayar. Suka ɗauka shi ne ya sake faruwa, har ranar da Hinda ta dafa kafaɗar Barakatu a kasuwa.

Ta zauna har kasuwar ta watse, ta haɗa kwalabenta, ta shiga motar Bawa aka matse ta tsakanin buhun wake da wata mai goyo. Sai da ta shiga gida ta ajiye kaya ta yi alwala, sannan ta ce wa Munir, "Gobe za ka raka ni Dungas. An ce an kama yayarku."

Hinda ta karɓe su a ɗakin uwarta. Ta dubi Munir ta ce, "Kai ɗan boko, ɗan ba mu wuri, maganar mata ce." Da ya fita ta matso.

"Tun kafin a kama mu ba ta da lafiya, Inna. Jini ne. Wata da watanni ba ya tsayawa. Asibiti kuwa ba ya shiguwa ga wadda takardarta ta mutu. Ta ce mini za ta faɗa miki ki tambayi ungozomar garinku, ko akwai abin da za a haɗa a aika mata. Ba ta faɗa ba?"

Barakatu ta dubi tabarma. "Ba ta samu faɗa ba."

"Ranar da aka kira ta, sai da mata biyu suka riƙe ta. Mu dai muka ce jirgi ne, har muna yi mata barka. Duk wadda aka kira da kayanta, jirgi ne."

"Da kayanta aka kira ta?"

Hinda ta daɗe tana tunani. "A'a," ta ce a hankali. "Jakarta ta kwana a ɗakin. Daga baya aka zo aka ɗauka."

Ita Hinda da takardun Nijar ta tafi, a Yamai aka sauke ta. Na Nasiba kuwa a Kano aka yi su, ba wanda ya san abin da aka rubuta a ciki. Don haka Kano suka fara zuwa. Suka bi ta Magarya suka tsallaka iyaka, a kowane shinge a sauke su a duba a mayar. Shagon mutumin da ya shirya tafiyar ya koma wurin cajin waya, mai shagon ya ce shi bai taɓa jin sunansa ba. Suka tafi filin jirgi. Munir ya yi ta shiga yana fita, daga wannan ƙofa a tura shi waccan, Barakatu tana zaune a gefen kwalta a inuwar wata katanga. A nan ta fara ganin jirgi kusa. Ya taso da rugugin da ta ji har cikin haƙoranta, iskar da ke bayansa tana rawa kamar ta saman kaskon suya, kafin ta gyara mayafi ya zama ɗigo. Da Munir ya dawo yana girgiza kai, ta ce:

"Kai ka ce mini kusa ne."

"Ga mai takarda da lafiya kusa ne, Inna."

"To ai ba ka faɗi wannan ba."

"Ba su rubuta shi ba."

Ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta.

Suka dawo Waca ta sayar da tunkiyar da ta rage, suka kama hanyar Yamai, inda aka sauke su Hinda. Hanyar ba ta ragu ba ko kaɗan. Maraɗi ta wuce, Konni ta wuce, rana ta juyo ta shigo ta tagar da take zaune, ƙafafun suka kumbura yadda suka yi wancan karo, sai dai yanzu gwiwoyin ma sun shiga ciki. Munir ya sayo mata ruwa da burodi a Doso, ruwan kawai ta sha.

Wani ɗan Waca da suka sauka wajensa ya kai su gun Malam Bukar, dattijon Damagaram mai sayar da dabino kusa da tasha. Ya yi shekaru a Jidda kafin a dawo da shi, kuma har yanzu yana da mutane a can. Ya saurare su har ƙarshe yana jan carbi.

"Akwai wata baiwar Allah 'yar Mirya," ya ce, "takardunta na da kyau, tana shiga asibitoci duba namu. Amma suna kaɗai ba zai wadatar ba. In takardar Kano ce, wa ya san sunan da ke jikin gadonta? Hoto ma, wanda ya daɗe a kwance ba ya kama da hotonsa. Sai an faɗi kamanninta." Ya danna salularsa ya miƙo. "Yi magana, tana ɗauka."

Munir ya matso. "Doguwa ce, ba fara ba ce sosai, tana da wushirya..." Ya tsaya. Ya sake cewa, "Doguwa ce."

"Rabin matan ƙasar nan ke nan, ɗana," in ji Malam Bukar. Ya juya. "Hajiya, ke kika haife ta. Na san 'yar fari ce, na ga yadda kike kewaye sunan tun ɗazu. Nan ba kowa sai ni da buhunan dabino."

Barakatu ta dubi salular. Ta goge hannunta a zane kamar akwai mai a jiki, ta karɓa da hannu biyu.

"Akwai tabon ƙuna a bayan ƙafarta ta hagu, sama da dunduniya, kamar faɗin ganyen magarya. Mai ne ya fallatsa mata tana rarrafe. Akwai baƙar tawadar Allah ƙarƙashin kunnenta. Ƙaramin yatsanta na dama a lanƙwashe yake, ƙofa ta taɓa datse shi. In ciwo ya tsananta takan ciji leɓen ƙasa ta ce lafiya lau, kada a yarda. Ba ta kwanciya rigingine. Kuma in an kira ta ba ta amsa ba, a zagayo ta hagu. Kunnenta na dama ba ya ji sosai tun da ta yi ƙyanda. Ba ta son a sani."

Munir ya juyo yana kallon uwarsa. Ya tashi gida ɗaya da Nasiba, bai taɓa sanin zancen kunnen ba.

"Madalla," in ji Malam Bukar. "Saura ɗaya. Ki yi mata magana ita kanta. In an same ta a kunna mata, ta san daga gida ne, ba wani ke son ya yaudare ta ba."

Wata motar kaya ta wuce ta cika rumfar da ƙara. Barakatu ta jira har ta yi nisa.

"Nasiba," ta ce. Sunan ya fito kamar ba da bakinta aka yi shi ba. Ta sake. "Nasiba, ni ce. Maganar da kika ce za ki faɗa mini, na ji ta wajen Hinda. Na je gun ungozoma, ta haɗa abin, yana ɗakina. Ki bi matar nan da duk abin da ta ce. In kin samu waya ki kira, ni zan ɗauka."

Ta miƙa salular, ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam Bukar ya aika saƙon, ya ƙulla musu dabino a leda, ya ce su koma gida, zaman Yamai ba zai ƙara komai ba sai ci da kashewa.

Sun koma. Barakatu ta kwanta kwana biyu saboda ƙafafun, a na uku ta tashi ta aza gyaɗa a wuta, domin ba abin da za a ci in ba ta aza ba. Tana zuwa kasuwar Dungas yadda ta saba. Matan Waca sun daina yabon kunyarta, sun koma yi mata sannu, ita kuma ta amsa a gajarce ta ci gaba da awo. Munir ba ya nisa da gida. An kira shi wani aikin wucin gadi a Magarya ya ƙi zuwa, don kada a kira ba ya kusa da ita. Duk lambar da ta shigo wadda bai sani ba, da sauri yake ɗauka.

Malam Bukar ya kira sau biyu. Matar ta shiga asibiti biyu, ta bi gadajen mata ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga mai irin wannan tabo ba. Wurin da aka tsare su kuwa ba a barin kowa ya shiga. Akwai wani asibitin a bayan gari inda aka ce akan kai marasa lafiya daga can, ta ce za ta je ranar da uwar ɗakinta ta ba ta hutu.

Ba ta samu hutun ba tukuna. Har yanzu ba a san ko Nasiba tana asibitin ba, ko tana tsare, ko tana raye. Barakatu da Munir suna Waca suna jiran kiran Malam Bukar.